Babi na Bakwai: Titin da Mota Ba Ta Buge Kowa

Duk wanda ya taɓa ganin hoton mutum sanye da wani ƙaton tabarau da ya rufe masa rabin fuska, yana miƙa hannu yana laluben abin da babu shi, tambayar da takan fara zuwa masa ita ce: wannan ba wasan 'ya'yan masu kuɗi ba ne? Idan kuma aka ce masa akwai makarantun da ke sa wa yara masu buƙata ta musamman irin wannan tabarau, sai tambayar ta ƙara nauyi. Yaron da ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, ko wanda hayaniya ke firgitawa har ya toshe kunnuwa ya durƙushe, me duniyar da kwamfuta ta zana za ta tsinana masa? Ai ko ya yi awa nawa a cikinta, da ya cire tabarau duniyar gaske zai tarar tana jiransa, da matakalarta, da motocinta, da mutanen da ba su san halin da yake ciki ba.

Tambaya ce ta hankali, kuma ba yara kaɗan ake magana a kansu ba. A 2021 asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 a duniya suna da wata naƙasa, wato ɗaya cikin goma. Duk abin da aka ce zai taimake su ya cancanci a duba shi da idon basira, kada a rungume shi don sabo ne, kada kuma a yi watsi da shi don baƙo ne.

Me ke cikin tabaran?

Idan ka buɗe shi, ba wani siddabaru a ciki. Akwai ƙaramin allo irin na waya, da madubin ido guda biyu a gabansa. Kowane ido ana nuna masa hoto ɗaya, amma na dama ya ɗan bambanta da na hagu, daidai yadda idanunmu biyu ke ganin abu daga kusurwa biyu. Ƙwaƙwalwa tana haɗa hotunan, sai ta ga zurfi: wannan yana kusa, wancan yana nesa. Sannan akwai na'urorin da ke bin motsin kai. Ka waiwaya hagu, hoton ya juya tare da kai. Ka ɗaga kai, ka ga sama. Kwamfutar tana sake zana hoton sau 72 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ido ba ya ganin giɓi. Sauti ma yana zuwa ta inda ya dace. Idan mota na tahowa ta bayanka, ta baya za ka ji ta.

Wannan ita ce fasahar duniyar kwaikwayo, wadda ake kira VR a taƙaice. Ba jiya aka fara ta ba. Tun 1968 Ivan Sutherland ya ƙera irin tabaran a Amurka, mai nauyin da sai da aka rataye shi a rufin ɗaki. Ta daɗe a ɗakunan bincike saboda tsada, har zuwa 2014, shekarar da Facebook ya sayi kamfanin Oculus a kan dala kusan biliyan 2, Google kuma ya fito da wani akwatin kwali da ake zura waya a ciki. Zuwa 2020 ana sayar da tabarau mai zaman kansa, wanda ba ya buƙatar a jona shi da kwamfuta, a kan dala 299. Daga nan ne makarantu suka fara iya tunaninsa.

Darasin da allo ba ya iya koyarwa

A ɗauki tsallaka titi. Yawancin yara ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Sun riƙe hannun yaya ko uwa sau da dama, suna kallo, har ido ya iya auna nisan mota da gudunta. Amma yaron da ke da lalurar otizim, wadda wasu kafafen labarai ke kira galahanga, sau da yawa ba ya ɗaukar darasi ta hanyar kallon wasu kawai. Ƙarar hon, da walƙiyar rana a gilashin mota, da mai talla da ke ɗaga murya, duk suna shigo masa a lokaci guda da ƙarfi ɗaya, ya kasa tantance wanne zai saurara.

To, yaya malama za ta koya masa? Idan ta zana titi a allo, zai iya haddace "duba dama, duba hagu" ya maimaita mata tsaf, amma haddar ba ta biyo shi bakin kwalta. Idan kuma ta kai shi titin gaske, ba ta da ikon tsayar da motoci, kuma kuskure ɗaya ya isa. Tsakanin allo da kwalta akwai wani fili da babu kowa, nan ne tabaran yake shiga.

Duk wanda ya koyi tuƙi ya san ba a fara masa a tsakiyar kasuwa. Fili ake kai shi, inda babu abin da zai kara, ya tayar da mota ta mutu, ya sake tayarwa, har ƙafa ta saba. A duniyar tabarau malama ita ke riƙe da filin gaba ɗaya. Ranar farko titi fayau, ba mota ko ɗaya, yaro ya koyi tsayawa a gefe kawai. Rana ta biyu mota guda, tana tafiya a hankali, ba ƙara. Sannan a kunna sauti. Sannan a ƙara babur da ke fitowa ta bayan babbar mota. Idan yaro ya taka titi kafin lokaci, hoton ya tsaya, a dawo da shi gefe, a sake. Ya yi kuskure sau ashirin, ba jini, ba tsawa, ba 'yan kallo da za su yi masa dariya. Abu ne da yaro mai otizim ke matuƙar buƙata: a maimaita masa abu ɗaya yadda yake ba canji, har sai ya zauna masa, sannan a canza ɓangare guda kawai. Mutum yakan gaji, muryarsa ta sauya. Na'ura ba ta gajiya.

Tun a 1996 wata mai bincike a jihar Karolaina ta Arewa a Amurka, Dorothy Strickland, ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi da yara biyu masu otizim. Abin da aka fara son sani ma shi ne ko za su yarda a ɗora musu hular tabaran, domin ta lokacin tana da nauyi. Sun yarda, sun bi motocin da ido, sun yi tafiya a cikin titin kwamfuta. Yara biyu ba hujja ba ne, amma ƙofa ta buɗu. Shekara ashirin bayan haka, a 2016, wasu ma'aurata a Amurka da ɗansu ke da otizim suka kafa kamfanin Floreo. Tsarinsu ya burge ni saboda abu ɗaya: ba a barin yaro shi kaɗai a ciki. Shi yana sanye da tabarau, malami ko uwa na gefensa riƙe da kwamfutar hannu, suna ganin duk abin da yake gani, su ne ke danna abin da zai faru gaba. Cikin darussansu akwai yadda matashi zai amsa idan ɗan sanda ya tsayar da shi, darasin da suka gwada tare da asibitin yara na Filadelfiya. Wanda ya san yadda matashi mai otizim kan ƙi haɗa ido, ko ya ruga idan aka daka masa tsawa, ya san me ya sa iyaye ke tsoron wannan haɗuwa.

Ɗakin Shuɗi

Wani lokaci abin da ke hana yaro karatu ba rashin fahimta ba ne, tsoro ne. Yara masu otizim da yawa suna fama da wani irin tsoro mai tsanani na abu guda: kare, zanzaro, duhu, balan-balan, shiga bas. Ga na waje abin kamar wasa ne. Ga gidan kuwa rayuwa ce ke ƙuntata. Yaron da ke tsoron kare ba zai bi layin makaranta ba idan akwai kare a layin, kuma lallashi ba ya aiki.

Maganin da masana halayyar ɗan'adam suka sani shi ne a kusanto da mutum ga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan. Sau da yawa ana farawa ne da cewa, "Rufe idonka, ka ɗauka ga kare can nesa." A nan gizo ke saƙa, domin irin wannan ƙirƙirar hoto a zuci tana yi wa yawancin waɗannan yara wuya. Masu bincike a Jami'ar Niyukasil ta Ingila, ƙarƙashin Jeremy Parr da Morag Maskey, sai suka ce to a zana musu hoton a waje.

Wurin da suka yi aikin ana kiransa Ɗakin Shuɗi. Ba tabarau a cikinsa ko kaɗan, bangon ɗakin ne ake haska wa hoto ta kowane gefe, don haka yaron da ba ya son a taɓa masa kai ko fuska ba shi da damuwa. Yaro yana zaune kusa da mai ba shi magani, wadda ke riƙe da iPad tana sarrafa abin da ke bangon. Iyaye suna wani ɗaki suna kallo ta kyamara. Kafin a nuna masa komai, ana koya masa jan numfashi a hankali da yadda zai faɗi matakin tsoronsa. Sannan a kawo abin da aka tsara don shi kaɗai. Idan kare ne, zai iya fara bayyana can nesa, a ɗaure, shiru. Sai yaro ya ce ya shirya sannan karen ya matso. Idan tsoro ya taso, a ja da baya, a yi numfashi, a sake. Zama huɗu ne, kowanne minti ashirin zuwa talatin. Bayan nan iyaye su fita da shi ya fuskanci abin a zahiri.

A 2014 suka wallafa gwajin farko da yara maza tara: takwas sun iya fuskantar abin da suke tsoro bayan maganin. A 2019 suka wallafa wanda ya fi tsauri, da yara 32 masu shekara 8 zuwa 14, aka raba su gida biyu. Cikin 16 da aka fara yi wa magani, huɗu sun samu sauƙi bayan mako biyu, adadin ya kai shida bayan wata shida, ɗaya kuma tsoronsa ya ƙaru. Cikin 16 da ke jira, ba wanda ya samu sauƙi, biyar ma abin ya daɗa tsananta.

Ina son mai karatu ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma, domin su ne fuskar gaskiyar lamarin. Shida cikin sha shida ba mu'ujiza ba ce. Tara sun fita kamar yadda suka shiga, ko kusan haka, ɗaya ma abin ya ƙara masa tsanani. Amma ga iyalan shidan nan, yaron da ba ya iya fita ƙofar gida yanzu yana fita. Kuma a lura da inda aka auna nasarar. Ba a cikin ɗakin aka auna ta ba, a waje ne, a gaban kare mai rai. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane irin shiri a kai: abin da aka koya a ciki, ya biyo yaro waje?

Keke, sanda da hannu

Yaron da ke da lalurar ƙwaƙwalwa mai hana sarrafa gaɓoɓi yakan buƙaci keke mai lantarki, wanda ake tuƙawa da ɗan sanda a ƙarƙashin yatsu. Keken yana da nauyi da tsada, ba a son a ba yaron da bai iya ba, shi kuma ba zai iya ba sai an ba shi. A shekarun 1990 Dean Inman da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Oregon suka warware wannan ƙulli ta hanyar ɗora keken a kan na'ura, yaro ya tuƙa shi a duniyar kwamfuta, ya ci karo da bango iya son ransa kafin ya shiga barandar makaranta.

Makaho fa? Da farko mutum zai ce ba ruwansa da fasahar da aka gina don ido. Amma duniyar kwaikwayo ba lalle sai da hoto ba. A ƙarshen shekarun 1990, a ƙasar Chile, Jaime Sánchez da Mauricio Lumbreras sun ƙirƙiri wani wasa mai suna AudioDoom, wanda yara makafi ke yawo a cikin lunguna da sauti kaɗai: ƙofa na da ƙararta, abin da ke dama ana jin sa a kunnen dama. Bayan sun gama wasa sai a ba su tubalan Lego, a ce su gina inda suka bi. Yaran suna iya fitar da tsarin wurin da ba su taɓa takawa ba. Ma'anar wannan ga makaranta a fili take: yaro zai iya sanin hanyar aji zuwa banɗaki a kansa kafin ranar farko. Ga masu raunin gani kuma, Microsoft ya gwada a 2019 wasu kayan aiki 14 da ke ƙara girman rubutu, su kaifafa gefen abubuwa, ko su karanta abin da ke gaba.

Ga kurame, a Jami'ar Gallaudet da ke Washington ana gina mutanen kwamfuta masu maganar hannu, waɗanda aka ɗauko motsinsu daga kurame na gaske. Fa'idar ita ce hannu yana motsi ne a sarari, gaba da baya, abin da bidiyo ke baje shi ya ɓata.

Inda yake cutarwa

Tabaran yana sa wasu jiri da tashin zuciya. Dalili shi ne ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana tafiya, sashen cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki kuma yana cewa a zaune ake. Babba zai cire ya ce kansa na juyawa. Yaron da ba ya magana fa? Sai malamin da ya san shi ne zai lura da gumi a goshinsa, ko yadda ya fara haɗiyar yawu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba za a taɓa ɗaura wa yaro tabarau a juya baya ba. Mai farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayarwa sai da izinin likita. Nauyin tabaran ya kai rabin kilo, wanda ba ƙaramin kaya ba ne ga yaron da wuyansa ba shi da ƙarfi. Kamfanin Meta, wato Facebook da ya sayi Oculus, shi ma ya daɗe yana cewa sai ɗan shekara 13, sai a 2023 ya sauko zuwa 10 da sa idon iyaye.

Akwai kuma wata cutarwa da ba ta jiki ba, wadda ta fi damuna. A 2015 Google ya ƙaddamar da shirin Expeditions, inda malami ke kai aji gaba ɗaya Babbar Ganuwar Sin ko ƙarƙashin teku da akwatunan kwali. An yi ta yabon shirin cewa yanzu mai keken guragu ma zai je inda ba ya iya zuwa. Idan ƙarƙashin teku ne, inda ba wanda zai je a cikin ajin, madalla. Amma idan ajin zai tafi gidan tarihi da ke cikin gari, aka bar yaro ɗaya a makaranta da tabarau saboda motar ba ta ɗaukar kekensa, to an yi amfani da fasaha an rufe wani zalunci. Yaron nan abin da yake so shi ne ya shiga mota da abokansa, a yi waƙa a hanya, a raba ƙosai. Sannan a 2021 Google ya rufe manhajar, makarantun da suka dogara da ita suka koma neman madadi.

Wasu kuma kan juya tabaran ga masu lafiya, don su ɗanɗana yadda mai naƙasa ke ji. A 2016 ƙungiyar masu otizim ta Birtaniya ta fitar da wani fim na VR da ke nuna babban kanti ta idon yaro mai otizim, fitilu na huda ido, kowace ƙara na sukan kunne. Yana iya sa malami ya fahimci abin da ya sa ɗalibinsa ke kuka a taron safe. Sai dai a yi hattara. Binciken da Arielle Silverman, wadda ita kanta makauniya ce, ta wallafa a 2015 ya nuna cewa mutanen da aka rufe wa ido na ɗan lokaci sun fito suna ganin makafi ba za su iya aiki ko zaman kansu ba, fiye da waɗanda ba a rufe wa ba. Abin da suka ɗanɗana ruɗewar mintin farko ce, ba ƙwarewar wanda ya shekara ashirin da sandarsa ba.

A wajenmu fa?

Nan ne tambayar farko ke dawowa da ƙarfinta. Najeriya ta sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa a Janairun 2019, dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma duk mai zagaya makarantunmu ya san yawancinsu matakala ce har yanzu. An kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, wasunsu ɗalibai ne. Shugaban makarantar da ke da ɗan kuɗi a hannu, idan ya tambaye ni, zan ce ya fara zuba siminti a ƙofar aji ya yi gangarar keke, ya gyara banɗaki, ya samo malamar da ta iya maganar hannu. Tabarau ya biyo baya.

Amma biyowa baya ba watsarwa ba ne. Ba kowane yaro ke buƙatar nasa ba. Guda ɗaya ko biyu a makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, ko makarantar makafi ta Gindiri da aka kafa tun 1953, za su iya zagaya ɗalibai da yawa, tunda zaman minti goma ko ashirin ne, batir kuma kan kai awa biyu. Babban giɓin ba a na'urar yake ba, yana cikin abin da za a nuna. Titin da aka zana a Amurka yana da fitilar masu tafiya a ƙasa, motoci suna tsayawa idan ta kunna. Yaron da ya ƙware a wannan titin, aka sake shi a inda adaidaita sahu ke ɓullowa ta hannun da ba nasa ba, an koya masa darasin da zai jefa shi cikin haɗari. Haka mutumin kwamfutar da ke maganar hannun Amurka zai yi amfani a makarantun da ke bin tsarin da Andrew Foster, wani malamin kurame Ba'amurke, ya kawo Najeriya wajen 1960, amma ba zai gane maganar hannu ta Hausa da kuramen Kano ke yi a kasuwa da majalisa ba. Dole a samu masu gina titinmu, da kasuwarmu, da hannunmu. A Legas an fara: Judith Okonkwo ta buɗe cibiyar Imisi 3D a 2016 don horar da matasa wannan sana'a. Kyamarar da ke ɗaukar hoto ta kowane gefe ma ta isa malama ta ɗauki hanyar gidan yaro zuwa makarantarsa, da shagon da ke kwana da karen da ke kwance a gindin bishiya, ta nuna masa sau goma kafin ya taka.

Duk wannan yana buƙatar na'urar da sai an sayo ta musamman. Amma akwai wata da ta riga ta shiga aljihun malamai da iyaye da yawa, wadda ke iya karanta wa makaho shafin littafi da murya, ta mayar wa kurma maganar malami rubutu. A babi na gaba za mu duba wayar salula, mu ga nawa ne daga cikin waɗannan ayyuka take iya yi da harshen Hausa.